Faifai Biyu a Cikin Kwalla

Mijina mai ɗaukar bidiyon biki ne. Daga Jibiya har ƙauyukan tsallaken iyaka ana kiransa, suna ko ɗaurin aure. Kwamfutar da yake tace aikinsa da ita ba a haɗe ya saye ta ba. Kayan cikinta ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya, wani a Kano, wani a Maraɗi, har ya tayar da ita. Ya rasu bayan jinyar kwana tara, 'yarmu tana da wata bakwai.

Ina da hotunansa, amma ba ni da muryarsa, don wayarsa ta ɓace lokacin jinya. Sau ɗaya na san ya shiga gaban kyamara. Ranar sunan 'yarmu ya miƙa wa abokinsa kyamarar, ya ɗauki yarinyar ya yi mata addu'a, sannan ya yi dariya. Wannan ɗaukar tana cikin kwamfutar. Ana zaman makoki aka tayar da janareta saboda baƙi, kwamfutar tana jone. Sai ƙauri muka ji.

Mai gyara ya zo ya duba. Ina takaba, don haka ta bayan labule muka yi magana. Ya ce madabod ne ya ƙone, wato allon da duk sauran kayan ke hawa kansa. Faifan ajiya biyu suna nan lafiya.

"To a cire su a sa a wata," na ce.

"Nan gizo ke saƙa. Marigayi ya haɗe su sun zama ɗaya don aiki ya yi sauri. Kowane bidiyo rabinsa na nan, rabi na can. Iya sanina, sai allo irin wanga da ya ƙone zai karanta su."

An nema a Katsina da Kano, an ce an daina yin irinsa. Daga baya wani mai shago a Maraɗi ya ce ta waya yana da guda ɗaya, na hannu. A lokacin iyaka a rufe take, ni kuma ba ni da halin fita. Ƙanin mijina, mai fataucin tattasai, ya san hanyoyin daji, ya ce zai je a babur. Na ɗora ƙonannen allon a cinyata na kwafi haruffa da lambobin da ke jikinsa. Sau uku na duba kafin na ba shi takardar.

Kwana biyu ya yi. Ya dawo da kwali mai sheƙi, fuskarsa a sake, karon farko tun rasuwar.

"Matar Yaya, wanda kika rubuta na gan shi. Tsoho ne, daga jikin wata aka ciro shi. Ni in kawo wa Yaya kwance? Wanga sabo ne dal, mai shagon ya ce ya ninka wancan."

Ƙafarsa a kumbure take, ashe ya faɗi da babur a yashi. Na ce Allah ya saka da alheri.

Mai gyara ya juya allon ya ajiye. Ya ce tsofaffin kayan cikin kwamfutar, su firosesa da ram, ba za su zauna a kansa ba. Muka kira Maraɗi. An riga an sayar da tsohon, wani ya tafi da shi Damagaram.

Da na fita takaba sai na riƙa zuwa Magama da safe, bakin shingen iyaka, ina ba direbobi kwafin takardar. Wasu su karɓa, wasu su tambaye ni ko sunan magani ne. Faifan biyu na naɗe su a rigarsa na sa a kwalla. Mai gyara ya ce faifai ma in ya daɗe a ajiye yana mutuwa, kada mu wuce damina.

Ƙanin mijina ya sayo sauran kayan da sabon allon ke buƙata, aka tayar da kwamfuta. Da ruwa ya sauka na ɗauki kwallar na tafi shagon mai gyara, 'yata a baya. Ya jona su. Rubutu ya fito da Turanci.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta san su ba. Tana tambaya ko ta shirya su."

"In ta shirya su fa?"

"Ko bidiyon ya fito, ko ya goge. Ban taɓa gwadawa ba, ba zan yi miki ƙarya ba."

Yatsansa na kan maɓalli yana jirana. Yarinyar ta motsa a bayana, ta fara 'yan maganganunta.

"Kashe," na ce. "Cire min su."

Na mayar da su cikin rigar. Damina biyu ke nan suna cikin kwalla, ban sani ba ko suna da rai. Jiya ma na je Magama da takardar.