Yagaggiyar Rariyar Baba Ishaya

Duk wanda ya zauna a Barkin Sale ya san Baba Ishaya, ko da bai taɓa ganinsa ba ya ji ƙarar injinsa. Injin girbin shinkafa ne, tsoho tukuf. In an tayar da shi sai ya yi ta tari kamar mai mura, ya yi aiki kaɗan, bel ya tsinke, a zauna jiran bakanike. Baba ya fara tuƙa shi yana sabo fil a hannun ƙungiyar manoma, da injin ya tsufa suka sallama masa shi. Ni dai ban san wanda ya fi wani taurin kai tsakaninsu ba.

Babban aibin injin shi ne zuba. Rariyar da ke raba ƙwaya da ƙaiƙayi ta yage, duk inda ya bi sai ya bar shinkafa a ƙasa. Manyan manoma suka guje shi suka koma wa sababbin injuna. Mu kuwa wannan zubar ce abincinmu. Tun da mahaifinmu ya rasu, mahaifiyata Alisabatu take bin bayan injin da kwano tana kala, abin da ta tsinto shi muke ci har damina.

Wata kaka Jafaru, bakaniken Sabon Gari, ya samo sabuwar rariya. Baba bai yi gardama ba.

"Ka sa ta," in ji shi. "Shinkafar mutane ce, ba tawa ba."

Zuba ta tsaya cak. Manoma suka yi ta sa albarka, Mama kuwa ta riƙa dawowa daga fadama da abin da bai rufe gindin kwano ba. Na ga ta rage hannu wajen awon tuwo. Gaskiya na ji haushin tsohon nan ƙwarai, har gaisuwa na daina yi masa da kyau.

Da girbi ya zo ƙarshe, saura gonarsa kaɗai, sai ga shi a ƙofar gidanmu yana ɓata rai.

"Maman Dorothy, injin nan ya koma halinsa. Gobe zan yanke tawa, ki zo ki kwashe abin da zai zubar, kada tsuntsaye su riga ki."

Mama ta tafi da kwano, ta dawo da buhuna a keke napep. Haka aka yi ta yi kowace kaka: injin lafiya lau a gonakin mutane, da ya shiga ta Baba sai ciwonsa ya tashi. Muna ta yi masa dariya, wai inji ya raina mai shi.

Bana injin ya kwanta gaba ɗaya, gwiwoyin Baba ma sun ƙi fadama. Na haɗu da Jafaru a bakin garejinsa, na ce ashe sabuwar rariyar tasa ma ba ta da ƙarko.

Ya dube ni ya yi dariya. "Rariyata ƙalau take, Dorothy. Duk shekara, ana gobe zai shiga gonarsa, sai ya kira ni in cire ta in mayar masa da yagaggiyar."

Da yamma na dafa shinkafa da wake, na cika kwanon kalar Mama har baki, na kai masa. Na durƙusa na gaishe shi gaisuwar da ta dace, ya karɓa yana mitar cewa gishiri ya yi kaɗan.