Zufar da ba ta Kawu Alhaji ba

Jama'a, abin da zan gaya muku da idona na gan shi, kuma da hannuna na rubuta lambobinsa a wani ƙaramin littafi da har yau yake cikin akwatina. Wallahi ban ƙara komai ba, sunan ƙauye kawai na sakaya.

A shekarun nan da 'yan bindiga suka hana mutanenmu zuwa gona, tiyar gero ta zama abin da magidanci ke jin tsoron tambayar kuɗinta, ina koyar da motsa jiki da kiwon lafiya a wata sakandare a Batsari. Mahaifiyata tana zaune a wurina. 'Yan'uwanta maza biyu ne: yayanta Kawu Mati, manomi a wani ƙauye gaba da Babban Duhu, da ƙanenta Kawu Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a Safana, wanda wahalar ba ta rage shi da komai ba sai ma tumbi da ta ƙara masa, don sito yake da shi cike, a kulle, yana jiran tsada ta ƙara tsada.

Likita a Katsina ya ce masa yana da suga da hawan jini, in bai motsa jiki ya rage ƙiba ba to ya shirya. Ga shi mai kuɗi ba ya yawo a ƙafa a lokacin, sai 'yan bindiga su ɗauke shi. Shi ne ya sayo keken motsa jiki na gwanjo, irin wanda ake tukawa a tsaye wuri ɗaya, ya kafa shi a falon baƙi. Akwai ɗan allo a gaban keken mai nuna lambobi, rubutun duk Turanci, sai ya kira ni a waya.

"Malam, tunda kai aka biya wa makarantar guje-guje, zo ka karanta mini wannan abin."

Na je na yi masa bayani dalla-dalla. Lamba ta farko lokaci ce, minti nawa ka yi kana tuƙi. Ta biyu gudu. Ta uku tazara, wato da a kan hanya kake da ka ci kilomita kaza. Ta huɗu kalori, ƙiyasin abincin da jikinka ya ƙona. Ta biyar bugun zuciya, ita kuma ba ta fitowa sai ka damƙi wasu ƙarafa biyu masu sheƙi a jikin mariƙin keken. A ƙasa akwai abin murɗawa da ke ƙara wa feda nauyi, kamar kana hawan tudu.

"Bar ni da kalori ɗin nan," in ji shi. "Ka faɗa mini da tuwo. Malmala nawa?"

Na ce ya ɗauka duk ɗari uku malmala guda ce, a ƙiyasi dai. Ya yi dariya har da buga cinya. Muka tsayar da lokaci, kullum bayan la'asar, ni kuma in zo Laraba da Asabar da Lahadi in duba, in rubuta, in koma Batsari kafin magariba.

Makon farko abin tausayi ne. Minti biyar, ya jiƙe sharkaf, yana haki yana zagin likita.

Ranar wata Asabar muna ciki sai ga sallamar Kawu Mati. Ya zo a kan tsohon kekensa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, mutanen ƙauye, ya muka ji da haƙuri, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ko za a samu ɗan gero, shekara biyu ke nan bai girbe komai ba.

"Yaya, ai ba a buɗe sito ba," in ji Kawu Alhaji, yana share wuya da tawul. "Ka dawo wani satin."

Kawu Mati ya ɗago kai. Ya tashi ya zagaya keken Alhaji yana kallo.

"Alhaji, wannan keken ina yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina, Yaya. Abinci yake ƙonawa."

"Abinci?" Ya dafa mariƙin da hannu biyu, daidai kan ƙarafan nan, har na ga ɗan hoton zuciya ya fara ƙyaftawa a allon. "Ikon Allah. To ka riƙa rage mana toka."

Ya saki, ya yi sallama, ya tura kekensa ya tafi.

Daga ranar Kawu Alhaji bai sake yin zufa ba. Ban ce ya rage ba, ya daina. Mutumin da minti biyar ke neman kashe shi sai ga shi yana minti arba'in, yana tuƙi yana waya da masu sayen masara, wani lokacin har da ledar balangu a rataye yana miƙa hannu yana jefawa a baki, maiƙo na bin yatsunsa. Goshinsa a bushe ƙamas. Amma allon yana nuna bugun zuciya ɗari da arba'in, ɗari da hamsin. Na kama tsintsiyar hannunsa na ƙirga da agogona, tamanin da huɗu. Na ce a raina kayan gwanjo ne, ƙarafan sun lalace.

Sai tazara. Tana hawa daga sifili yadda ya kamata, amma da ta kai 14.2 sai ta tsaya cak, ko da zai ƙara minti goma yana tuƙi. Kullum 14.2. Wannan ma na jingina shi ga gwanjo.

Abin da na kasa jinginawa ga komai shi ne mariƙin. Idan ya sauka na zo gogewa, sai in tarar da shi jagab da zufa mai sanyi, mai yauƙi, tana ɗiga ƙasa, alhali tafin hannunsa a bushe. Ga wari. Kawu Alhaji mutum ne mai ɓarin turare, amma wannan warin na tsami ne, na jikin da ya daɗe bai ga sabulu ba, haɗe da wani hamami irin na bakin wanda ya wuni bai ci komai ba. Ƙudaje suka fara taruwa a kan sirdin. Na wanke hannuna da sabulu sau uku, na je gida na kasa cin tuwo, don duk lomar da na ɗauko sai in ji warin a yatsuna. Tir.

Mako uku ana haka, kalori na nuna ɗari biyar, ɗari shida, yana ta murna.

"Malam, rubuta. Malmala biyu yau!"

Ya hau sikeli, sai ga shi ya ƙaru da kilo biyu. To ni da karatuna sai na ce aikin ne ya yi masa sauƙi. Na durƙusa na murɗe abin nan na ƙara wa feda nauyi har kusan ƙarshe, na tsaya a gefensa ina tafi ina cewa, "Ƙara, Kawu, saura kaɗan!" Ranar allon ya nuna bugun zuciya ɗari da saba'in da biyu. Na rubuta, har na ja layi a ƙarƙashi. Wannan layin, in na buɗe littafin yau, shi ne ba na iya kallo.

Ana nan sai labari ya zo wa mahaifiyata cewa Kawu Mati ba shi da lafiya, ya daina fita ko masallaci. Ta haɗa tiya biyar ta gero daga ɗan abin da muke da shi ta ce in kai masa. Na biya ta Safana na gaya wa Kawu Alhaji, ya ce in gaishe shi da jiki. A ƙofar gidansa na mayar da mitar babur ɗina sifili, al'adata ce tun da mai ya yi tsada. Na bi ayarin masu babura da ke komawa ƙauyuka, don ba a bin hanyar nan mutum ɗaya. Da na tsaya a ƙofar Kawu Mati na kashe babur, idona ya faɗa kan mita. 14.2.

Na sake duba mitar, sannan na sauka.

Matarsa, Inna Larai, ta shigar da ni. Tun daga bakin ɗaki warin ya tare ni, shi ne dai, ba kama ba. Kawu Mati yana kwance a kan tabarma, ƙashi da fata, ya gane ni ya yi murmushi, ya tambayi mahaifiyata.

"Ɗan nan," in ji Inna Larai, "duk abin da muka samu shi muke ba, ko kunun dusa ne, amma kamar ana zubawa a rami. Kuma ka jira a yi la'asar ka gani."

Na yi sallah a tsakar gida na dawo na zauna. Ƙarfe huɗu da minti ashirin, lokacin da Kawu Alhaji ke hawa kekensa, ƙafafun tsohon nan suka ɗaga sama da kansu suka fara juyawa, dama, hagu, dama, hagu, a hankali kuma da nauyi, irin na mai hawan tudu. Hannayensa suka dunƙule a iska kamar ya riƙe wani abu. Zufa ta keto masa, tabarma ta jiƙe. Na danne gwiwoyinsa da duk ƙarfina, wallahi mutumin da ba ya iya ɗaga kofi ya riƙa ɗaga ni. Na sa yatsa a wuyansa na ƙirga, na sake ƙirgawa: ɗari da saba'in da wani abu.

"Kawu, ina za ka?"

"Safana," ya ce, da ƙyar. "Alhaji ya ce in dawo."

Na zaro waya, babu sabis ko ɗigo. Minti arba'in cif, sannan ƙafafun suka faɗi.

Ban jira ayari ba. Na yi ta salati a kan hanya har Safana, na tarar da shi ya yi wanka yana shan fura. Na gaya masa komai, na buɗe masa littafin, na roƙe shi don girman Allah kada ya sake hawa keken nan.

"Kai Malam, boko ya taɓa ka ne? Farfaɗiya ce ta kama Yaya da tsufansa. Ni likita ya ce kada in yi fashi ko na kwana ɗaya."

Na cire batiran allon na zuba a aljihu, wai ni dabara, na manta feda ba ta buƙatar batir. Washegari ina makaranta ya hau abinsa. Kawu Mati ya cika kafin ƙarfe biyar, Inna Larai ta ce ƙafafunsa na sama rai ya fita. Allah ya jiƙansa. Kawu Alhaji ya aika da buhun gero guda don sadakar uku. Sito ya buɗu ke nan.

Bayan kwana bakwai na je da niyyar in ɗauke keken in kai wa masu sayen tsohon ƙarfe su farfasa. Ya hana.

"Mayar da batiran nan. Yau zan nuna maka ba komai, ka daina ɓata mini suna a dangi."

Na mayar. Ya hau, ya damƙi ƙarafan, ya fara tuƙi. Lokaci yana tafiya daidai. Gudu yana nunawa daidai. Kalori na hawa. Amma tazara ta tsaya a 0.0, ba ta motsa ba.

"Ka gani ko? Ya lalace ne kawai," in ji shi, yana dariya, goshinsa a bushe.

A minti na uku na ji cinyoyina sun fara zafi. Ni da nake tsaye ban ɗaga ko ƙafa ba, sai ga zufa tana bin bayana, numfashina ya fara sarƙewa. Allon ya nuna bugun zuciya ɗari da ashirin da takwas. Na sa yatsa a wuyana, na dubi agogo, na ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar: talatin da biyu. Ku ninka sau huɗu da kanku.

Ban san lokacin da na ture shi daga kan sirdin ba, ƙanen mahaifiyata, mutumin da ban taɓa ɗaga wa murya ba. Ya faɗi kan kujera yana zagina. Na fita tsakar gida na yi amai a gindin famfo. Sai a lokacin na tuna sau nawa na goge ƙarafan nan da hannuna tsirara.

Ban sake taka gidan ba. Daga baya na ji ya sayar da keken ga wani babban mutum a Katsina, ban san ko wane ne ba, kuma ban san wa ya taɓa mariƙin bayan ni ba. Na gaya wa wani malami, ya ba ni addu'o'i ya ce in riƙe. Na gaya wa wani mai gyaran na'urori, ya ce babu yadda za a yi keke ya yi haka. Ni ma da na karanta abin na san babu yadda za a yi.

Shawarata gare ku, in kun hau irin keken nan ku duba lambar bugun zuciya, sannan ku sa yatsa a wuyanku ku ƙirga. In sun yi nisa da juna, kuma jikinku a bushe yake, ku sauka, ku nemi labarin 'yan'uwanku na ƙauye tun a ranar. Ni dai har yanzu, ba kullum ba, wani lokacin ina zaune bayan la'asar sai in ji cinyoyina sun ɗauki zafi, in dubi agogo in ga huɗu da minti ashirin. Sai in tashi in nemi abin da zan ci.