Karatun Baba a Baƙin Allo

Shekarar da Baba ya rasu ce kwamfutar maigidana ta lalace. In an kunna ta ba hoto ba komai, sai baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙiftawa. Mai gyara a kasuwar Daura ya ce sai ya goge duk abin da ke ciki. A cikinta kuwa akwai karatun Alƙur'ani na Baba, wanda muka naɗa a Baure a azuminsa na ƙarshe. Babu shi a ko'ina sai nan.

Da hantsi na kira ƙanwata da ke koyar da kwamfuta a Katsina a waya. Ta sa na soka wa kwamfutar filas, ɗan abin nan na ajiye sauti da hotuna, ta yi ta faɗo mini haruffa ina dannawa da yatsa ɗaya.

"Yaya, rubuta ls, zai nuna miki abin da ke wurin."

Sai ga sunaye sun zubo, har da na karatun. Na ce, "Ga shi! Ina zan taɓa?"

"Ba a taɓawa. Kwafe shi za ki yi a filas. Rubuta cp, sai sunansa, sai inda za shi."

Na rubuta, na danna. Shiru. Ko sannu kwamfutar ba ta ce mini ba. Na maimaita, shiru dai. Ƙanwata tana dariya ta ce, "Shirun nan shi ne alamar ya yi. Halin maigidanki gare ta, sai an yi kuskure take magana."

Ta ce an gama, a kai wa mai gyara. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na ce, "To wanda ya rage a ciki fa? Haka zai share ayoyi, ko alwala ban san yana da ita ba?"

"To goge da kanki. Rubuta rm."

"In na goge ina za su?"

"Ba inda za su, Yaya. Nan ko kwandon shara babu."

Na janye hannuna. Mu a gidanmu ko guntuwar takarda aka tsinta da aya, Baba ɗagawa yake, in sun taru a ƙona a binne tokar inda ba a takawa. Wannan kuma me zan ƙona? Me zan binne?

Da ta ga ba zan danna ba, ta ce, "Shi ke nan, ɗauke shi za ki yi. Rubuta mv, ya tashi daga nan ya koma filas."

Wannan na yarda. Na je na yi alwala, na yi bisimilla na danna. Da na sake rubuta ls sunan ya ɓace, gabana ya faɗi duk da ni na ɗauke shi. Na zare filas ɗin na soka a ƙaramar rediyon da nake ji a madafa. Sai ga gyaran muryar Baba, ga zakaran gidanmu yana cara a bayansa. Na zauna a ƙasa.

Ƙanwata tana kan waya tana ji. Can ta ce, "Yaya, gaskiya ɗaukewar nan ma kwafewa take yi, sannan ta goge na farkon."

Har yau ban san ko na goge ko ban goge ba. Na dai ce mata ta yi shiru, Baba ya fara Fatiha.