Randar da Ba Ta Zufa

Inna, mahaifiyata, maginiyar randa ce. A ƙauyenmu kusa da Hasahisa takan haɗa yumɓun bakin kogi da dakakken tsingaro, ta bar shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa. Ta nan randa ke zufa, ruwa ya yi sanyi. Malamarmu ta kimiyya ta taɓa cewa akwai inda ake gasa irin wannan garin yumɓu da haske mai ƙarfi, ba wuta ba, kuma can ma laushin garin ne ke yanke hukunci. Na so in ce Inna na yawan faɗin haka, kunya ta hana ni.

Da yaƙi ya tashe mu, muka sauka gidan Gwaggo, yayar babana, wajen Dinder. Mun yi mata yawa. Inna ta ƙudura sai ta gina mata randa, don a san mu ma mun kawo wani abu gidan.

Ƙasar can baƙa ce, cike da ƙananan fararen duwatsu. Randar farko ta fashe a wuta, kowane dutse ya bar raminsa.

"Ke da aka ce duk yankinku na Jazira babu kamarki?" in ji Gwaggo tana dariya. "Khalas, ya isa, ki bari, jarka ma ruwa take ci."

"Yaya, ƙasarku ce da ƙashi," in ji Inna.

Sai ta sake daka ƙasar, ta shimfiɗa tsohon mayafinta a bakin kwano ta tankaɗe. Ni ke riƙe da gefe. Duwatsun suka tsaya sama, amma tsingaron ma ya tsaya. Abin da ya sauka laushi kamar garin kisra, wainarmu ta dawa. Na ga ta murza shi a yatsa.

Wannan randar ta fito lafiya, sumul, in an ƙwanƙwasa har ƙara take. Muka cika ta da safe. Da la'asar na shafa cikinta ta waje: a bushe. Gwaggo ta ɗebo a kofi, ta kurɓa, ta zuba wa kaji sauran.

"Ai ta yi kyau," ta ce. "Sai mu zuba dawa."

Washegari Inna ta bi matan gidan zuwa cirar riɗi a gonar wani. Ba ta sake tambayar inda ake samun yumɓu ba.