Takardar da Ilu Dillali Ya Karanta Wa Likita

Ilu ɗan Ɗanzomo ne, amma a Gumel ya yi gida, kuma a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi, aka san shi. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana dillancin dabbobi. Duk ranar Alhamis, tun rana ba ta yi zafi ba, za ka gan shi a tsakanin shanu da sanda a kafaɗa, cikin farar riga da wando, yana kai da komo tsakanin makiyayan da suka koro dabbobi daga wajen Damagaram da fataken da suka zo da manyan motoci daga Kudu. Allah ya ba shi baki. Idan ciniki ya cije, shi ake aikawa a kira. Yakan ɗaga leɓen bajimi ya dubi haƙora ya faɗi shekarunsa, kuma in dabba tana da aibi ba ya ɓoyewa, ko da ta wanda ya kawo masa ce. Shi ya sa aka yarda da shi.

Yana da shekara sittin da biyu fitsari ya fara ba shi wahala. Da farko tsugunnon ne ya riƙa daɗewa, sai ya yi ta nishi kafin ya fito, in ya fito ma ɗis-ɗis. Daga baya ya zama ko ya gama ya tashi, sai ya ji kamar da saura. Barcinsa ya lalace saboda yawan tashi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ɗigon da yake gani a wandonsa bayan ya yi alwala. Mutumin da ya saba da sahun farko sai ga shi ya koma bakin ƙofar masallaci, yana lallaɓawa ya fice da an yi sallama. Wani lokacin ma a ɗaki yake sallarsa, ya ce wa maƙwabta gwiwa ce ta matsa masa.

Ba wai bai je asibiti ba ne. Sau uku ya je cikin shekara biyu. Yakan bi layi tun safe, zuciyarsa cike da abin da zai faɗa, amma da ya zauna gaban likita aka ce, “Baba, me ke damunka?” sai harshensa ya yi nauyi.

“Ciwon baya ne, likita. Da kasala.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Sai a rubuta masa maganin abin da ya faɗa, ya karɓa ya yi godiya. A kan hanyar gida ya yi ta zagin kansa a zuci. Tsakanin zuwa da zuwa kuma, duk mai tallan maganin da ya gitta a kasuwa sai ya kira shi gefe ya saya, na leda da na kwalba, na gargajiya da na bature, wasu ma rubutun jikinsu Faransanci ne.

Wata Alhamis ana saura mako uku Babbar Sallah, kara ta cika ta batse. Ilu yana tsakiyar daidaita cinikin wani bajimi, hannun mai saye cikin nasa, mutane sun kewaye su, sai ya ji fitsari ya matse shi. Ya cije ya ce bari dai a sallama dabbar. Kafin mai dabbar ya buɗe baki, ya ji ɗumi yana bin cinyarsa. Farin wando ne. Ya saki hannun mutumin, ya waiga ya ga butar wani a ajiye, ya sure ta kamar zai sha, ya sake ta da gangan ruwan ya kwarare masa a jiki.

“Subhanallahi! Hannun nan nawa ya tsufa,” in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wasu suka taya shi dariyar. Amma wani dattijo daga cikin makiyayan ya dube shi, ya kau da kai da sauri. Wannan kau da kan shi ne ya kashe Ilu. Ya bar cinikin a hannun wani, ya hau mota ya koma Gumel tun azahar ba ta yi ba. Makon da ya biyo bai je kasuwa ba, na bayansa ma haka, alhali lokacin ne kakar dillalai.

Matarsa Lauratu ta daɗe da sani. Ita ce mai wanki, kuma shekara biyu tana wankewa ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Da ta ga kasuwa biyu ta wuce yana kwance a zaure, sai ta kawo masa fura ta tsuguna daga gefe.

“Malam, ciwon da aka ɓoye ai ba ya jin magani.”

“Wa ya ce miki ina da ciwo?”

Ta ɗauki ƙwaryar jiya ta shige gida. Da yamma ta yafa mayafi ta tafi gidan Dalhatu.

Dalhatu abokin Ilu ne tun suna yara a Ɗanzomo. Ya yi shekaru yana aiki a ɗakunan shan magani na ƙauyukan Sule Tankarkar kafin ya yi ritaya ya dawo Gumel. Washegari bayan la'asar ya yi sallama a zauren Ilu, ya zauna, suka yi hirar damina da tsadar taki. Can sai ya ce, “Ilu, fitsari ne ko?”

Ilu ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma kafin ya ce, “Ita ta gaya maka.”

“Ita ba ta faɗi suna ba. Ni na ga inda kake tsayawa a masallaci. Ka je asibiti?”

“Sau uku.”

“Me ka ce musu?”

Da Ilu ya faɗa masa, Dalhatu ya girgiza kai. “Kai da ba ka ɓoye aibin saniyar wani, ka je ka ɓoye naka? Likita ba duba yake yi ba. Mutum nawa ne a layi bayanka? Abin da ka ba shi, da shi zai yi aiki.”

“Bakin ne ba ya buɗuwa, Dalhatu. Wallahi ina shiga da niyya.”

“To tunda baki ya ƙi, a sa hannu. Ai ka iya ajami.”

Nan ya tsara masa yadda zai yi. Ya ce kwana uku zai ɗauka yana lura da kansa, duk tsugunnon da ya yi ya ja layi a takarda, na rana daban, na bayan kwanciya daban. Ya rubuta yaushe abin ya fara, ko da zafi, ko ya taɓa ganin jini. Ilu ya ce shi bai riƙe wata ba, Dalhatu ya ce ya tuna da abin da ya faru a lokacin. Sai ya tuna ashe tun shekarar da ya aurar da autarsa ne, wato an kusa shekara uku, ba biyu ba kamar yadda yake gaya wa kansa. Dalhatu ya ƙara da cewa ya tattara duk maganin da yake sha a leda ɗaya, kada ya bar ko ƙwaya, ya nemo tsohon katinsa na asibiti, sannan a ƙasan takardar ya rubuta abin da shi yake so ya tambaya.

Rubutun ya fi lura wuya. Ilu ya yagi takarda daga wani tsohon littafi, ya zauna da biro ya fi sa'a bai wuce bisimilla ba. Kalmar fitsari kanta sai da ya rubuta ya soke, ya sa “bawali”. Ranar kasuwar nan kuwa sau biyu yana tsallake ta. A rana ta uku ya rubuta ta a layi ɗaya, da ƙananan baƙaƙe, can gefe. Da ya zo tattara magunguna, ya ɗauki wata ƙaramar kwalba mai hoton ingarma, irin wadda ake sayar wa maza a ɓoye, ya tura ta ƙarƙashin katifa. Har ya ɗaure ledar, ya tuna maganar Dalhatu, ya kwance ya jefa ta ciki.

Ranar Litinin da sassafe shi da Dalhatu suka hau adaidaita sahu zuwa asibiti. Ilu ya ce wa Dalhatu ya jira a waje, don ba zai iya a gaban mutum biyu ba. Da aka kira sunansa ya tura ƙofa, sai ya ga mace ce a kan kujerar. Yarinya ce, da ƙyar ta kai sa'ar 'yarsa ta biyu, da farin gilashi da hijabi ruwan toka. Mansura sunanta. Ya tsaya riƙe da ƙofar kamar wanda ya yi ɓatan ɗaki.

“Shigo, Baba. Ina kwana? Zauna. Me ke tafe da kai?”

Ya zauna a bakin kujera. “Ciwon baya ne,” ya ji bakinsa ya faɗa. Ta ɗauki biro za ta rubuta. Ganin haka ya sa hannu a aljihu, ya zaro takardar ya ajiye mata a kan tebur ba tare da ya dube ta ba.

Ta buɗe ta juya ta. “Baba, ajamina bai yi ƙarfi ba, kada in karanta ba daidai ba. Karanta mini, ina ji.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige. Amma ba yadda zai yi, ya karɓa, ya kafa ido a kan baƙaƙen, ya fara karantawa da ƙaramar murya kamar mai biya karatu. Ya faɗi shekara uku. Ya faɗi sau shida, sau bakwai bayan kwanciya. Ya faɗi ɗigon bayan alwala. Da ya iso layin gefen nan sai ya share gumin da ke zubo masa ta ƙarƙashin hula, sannan ya karanta shi ma. Ita dai rubutu take yi. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi salati ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa kwana fitsarin ya ƙi fita sam, ko yana zazzaɓi, ko mahaifinsa ya yi irin wannan. Ya amsa duka, idonsa a kan takalminsa.

Ta zazzage ledar a kan tebur. Ta ware wasu ƙwayoyin mura ta ce irin waɗannan suna iya ƙara riƙe masa fitsari, ya daina. Da hannunta ya kai kan kwalbar mai ingarma, Ilu ya rufe ido. Ta ajiye ta cikin na dainawa, ta ce, “Wannan ma, tunda ba mu san abin da ke ciki ba.” Ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

Ta yi masa bayani cewa akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji da kan kumbura idan shekaru sun ja, ta matse hanya, kuma dattawa da yawa suna zuwa da wannan. Ta ce sai an gwada fitsari da jini an yi hoton ciki kafin a tabbatar, kuma akwai dubawar da sai an taɓa jiki. Ilu ya duba ƙasan takardarsa, inda ya rubuta tambayoyinsa, ya ce, “Likita, ko za a samu namiji ya yi wannan?” Ta ce za a samu. Ya tambaya ko abin na yanka ne, ta ce ba lallai ba, za a fara da magani a gani. Ya tambayi yadda zai yi da tsarki, ta ce wannan ya kai wa malamai, akwai sauƙin da aka yi wa mai lalura.

Gwajin ya nuna abin da ta zata. Ya nuna kuma daɗewar ta fara taɓa masa ƙoda, kaɗan dai, amma da ya zo da wuri da ba a kai nan ba. Wannan maganar ta fi komai tsaya masa a wuya, don ya san babu wanda zai ɗora wa laifin.

Bayan wata biyu da fara magani ya koma karar Maigatari, da wando mai duhu. Bai warke sarai ba. Duk wata uku yana komawa asibiti, kuma an ce masa mai yiwuwa nan gaba a tura shi Kano a yi masa aiki. Har yau idan ranar ta matso yakan ɗauki kwana uku yana jan layukansa, kuma har yau bai iya duban fuskar Likita Mansura idan yana karantawa.

Ranar da suka dawo daga zuwan farko, Lauratu ta tare shi da ruwa a tsakar gida ta ce, “Malam, me likitan ya ce?” Ya sha ruwan, ya miƙa mata kofin, ya ce an ce tsufa ne kuma akwai magani. Sai da aka yi wata huɗu ta ji daga bakin matar Dalhatu cewa likitan mace ce.