Tanimu da Rijiyar Affala

Tanimu ɗan mahaƙin rijiya ne. Yana saurayi rijiyar da babansa ke haƙawa a Affala ta rufta da shi. Aka yi tono har aka gaji, liman ya ce a yi masa salla daga bakin ramin. Tanimu ya kwashi tsummansa ya koma Tawa, wajen gwaggonsa Hajara mai saida fura.

Ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, aiki na neman masu ƙarfi. Ana ɗaukar gardi, wato dogaran gwamnati. Wani direba ɗan Maraɗi ya ce ya bi kamyonsa, babbar motar kaya, zuwa Agadas, zai koya masa tuƙi. Abokinsa Garba kuwa kullum zancensa Abija, birnin bakin teku can kudu, inda samarin ƙasarsu ta Adar ke tafiya da taguwa ɗaya su dawo da keke da rediyo. Kowa Tanimu ya ce masa to. In ranar ta zo, sai ƙafarsa ta yi nauyi.

Abin da bai faɗa wa kowa ba, duk rijiyar da ya ratsa ta gefenta, ko da rana tsaka, sai ya ji bugun dagi can ƙasa, ƙwas, ƙwas, da ɗan tarin nan na babansa. Ranar tafiyar Garba har Tanimu ya sa ƙafa a mota, ya jiyo bugun daga rijiyar bayan tasha. Ya sauko, mota ta tashi da ƙullin kayansa.

Hajara na dama fura ya shigo. Ta dube shi ta aje ludayi.

“Ɗana, mi kake ji?”

Ya faɗa mata.

“Ni ma ina jin shi,” in ji ta. “Ƙanena na. Kai, ba hanya ka rasa ba. Wa ka tahiya ya bar ubanai tsaye cikin rami?”

Da aka gama girbi ya tafi Affala da igiya da aron dagi. Dattawa suka hana, da suka ga ba ya hanuwa suka riƙe masa igiyar. Ya daɗe yana fid da ƙasa kafin ya taɓa ƙashi. Hannun na riƙe da ƙarfen haƙa, ya yi tsatsa. Suka yi wa tsohon sutura, suka binne shi kamar kowa.

Daga maƙabarta Tanimu ya wuce ya auna wani wuri gabas da ramin, ya soma sara. Haƙa ya yi har tsufansa, daga Takanamat zuwa mashayar Buzaye can arewa, bai taɓa ganin Abija ba.

Rijiyar tasa ta farko ruwanta zartsi ne. Mata ba su son shi a tuwo, amma raƙuma sukan bar hanya su zo mata.