Yadda Na Kamo Kunnena

Jiya ƙanwata ta turo min hoton ɗanta a waya. Yaron da aka yaye kwanan nan, an rataya masa jaka wai ya fara makaranta. Na yi dariya har mai adaidaita ya waiwayo.

Mu a ƙauyenmu, can gefen Dayi, ba wanda ke tambayar shekarunka. Hannun dama za ka ɗora ta saman kai ka kamo kunnen hagu. In ka kamo, a rubuta ka aji ɗaya. In ba ka kamo ba, sai baɗi.

To ni Allah ya yi ni da kai. Inna ta ce har zama sai da na makara, don da an zaunar da ni kan ke rinjayata in bingire. Ga hannu gajere kamar ludayin koko.

Taubashiyata kuwa, 'yar gwaggona da aka haife mu wata ɗaya, siririya ce kamar karan dawa. Kullum sai ta tsaya gabana ta kamo kunnenta ba wahala, ta ce, "Kai dai sai kiwon awaki, mai kan kabewa." Abin da ke ci min rai ke nan. Ita ta tafi makaranta, ni a bar ni gida da masu yawo ba wando.

Kakata ce ta ɗauki abin da zafi. "Mijin nawa za a ce bai isa ba? Ba a yi ba!" Kullum da safe sai ta shafa min man shanu a kafaɗa, ta kama hannun ta yi ta ja kamar mai jan guga. Ina ihu tana cewa, "Yi min shiru, raggon miji, tsawo nake ƙara maka."

Kakana yana gefe yana ɗinkin buhun auduga ya ce, "Ke, hannun ba shi da laifi. Hanyar ce ta yi nisa."

Sai aka kira wanzami ya yi min ƙwal kwabo, ko tafiyar za ta ragu. Aka gwada, da saura. Wanzami ya naɗe askarsa ya ce, "Hajiya, gashi nake iya ragewa. Kai kam sai Wanda ya yi shi."

Ranar ɗaukar yara aka jera mu a gindin darbejiya, hedimasta na zaune da tebur. Taubashiyata ta kamo nata, ta wuce aji tana yanga. Aka zo kaina.

"Kai, matso. Kama kunne."

Na ɗora hannu. Na yi ɗage, na zaro harshe, na yi nishi, kamar duk za su taimaka. Yatsuna suka tsaya a sama, kunne na can ƙasa yana hutawa.

Hedimasta ya girgiza kai, ya dubi kakata da ta rako ni. "Iya, wannan sai baɗi."

Na hango taubashiyata ta taga tana min gwalo. Ban san lokacin da na sa hannun hagu na damƙi kunnen, na ja shi sama da iya ƙarfina har ya tarar da yatsun ba. Na riƙe gam, hawaye na zuba, na ƙi saki.

Hedimasta ya yi dariya har biro ya faɗi. Wani malami a gefensa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai maguɗi ne."

"Maguɗi ne," in ji hedimasta yana share ido. "Amma duk layin nan wa ya yi tunanin haka? Rubuta shi."

Kakata ta rangaɗa guɗa kamar an ɗaura aure.

A benci ɗaya aka zaunar da ni da taubashiyata. Kunnen na ta zugi, amma sai da na rama gwalona kafin in shafa shi.

Shekarar da ta biyo aka kai ƙanena. Ya dawo yana kuka, wai yanzu an ce kowa ya mayar da hannun hagu baya.